Allurar Baba ce, ba asirin Inna ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: na san abin da ke damun Babana.

Ina kwance da littafin soyayya, sun zaci hankalina ba ya wurin, na ji yana gaya wa Inna. Likita ya rubuta masa allurar ƙarfin maza saboda kasala. Da ya ji daɗinta, sai ya riƙa zuwa kemis a Akurba ana ƙara masa, likita bai sani ba. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, kuraje sun feso masa, abu kaɗan sai faɗa.

Gwaggo ta zo daga Keana tana ce mini, "Uwarki ta yi masa asiri, sai ta bar gidan nan!" Inna kuwa kunya ta hana ta ambaton allurar a gaban dangin miji.

An ce 'ya ba ta tsoma baki a sirrin uba. To, na tsoma, Inna ba inda za ta. Baba, na san kana sauraro: koma wurin likita, kuma ka faɗa wa Gwaggo gaskiya. Jama'a, ku taya ni roƙonsa.

Da kaina zan kawo muku wasiƙar nan.