Goggo ta ce lalle take so

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gajiya, ya iyali? Hadiza ce daga Kambarawa, kullum ta waya nake sauraronku.

Kakata, Goggo Mairo, ke fama da ciwon daji. Likita ya ce sai dai addu'a, muka maido ta gida. A guruf ɗinmu na waya na ga wasu ma'aikatan jinya masu bin irin waɗannan majinyata har gida, muka kira su. Wallahi Malam sun iya aiki. Sista Binta ke ba ta maganin rage raɗaɗi, ta juya ta, ta yi mata wanka ba tsangwama.

Ran nan ta ce, "Goggo, me ranki ke so?"

Goggo ta ce, "Lalle, ɗiyata."

Muka kwaɓa, muka ƙunsa mata. Ta lumshe ido tana murmushi, wai ga ta budurwa a Gobarau, an yi yayyafi, ƙasa na ƙamshi, ƙawayenta na kiranta daga soro. Kwana ukku ban ji nishinta ba.

Yanzu Kawu ya dage sai an kai ta asibiti Kano, wai mun sallama ta. Ita ko kuka take, ta ce a bar ta ɗakinta. Masu sauraro, don Allah, da wane baki zan tunkari Kawu?