Na Dawo Daga Daji, Hankalina Bai Dawo Ba

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, ina sauraron shirinki a rediyo. Sunana Lawal, manomi daga Kutawa.

Bara waccan 'yan bindiga suka ɗauke ni a gona, na yi wata biyu a daji. Da na dawo, kowa sai ya ce, "Gode wa Allah, ai ya wuce." A wurina bai wuce ba. Da na ji ƙarar babur sai jikina ya hau rawa. Na daina zama majalisa. Ko ɗiyata ta hau cinyata, ba na jin komai a raina.

Da mai ɗakina ta matsa in je asibiti a Dutsin-Ma, na ce, "Ni ba mahaukaci ba ne." Da ƙyar na yarda na je, sai likitan ya ce, "Malam Lawal, firgici ne, kuma ana warkewa." Yanzu duk Laraba nake zuwa, in yi ta magana yana saurare. Makon jiya na iya shiga gonata.

Ki gaishe mini da Malam Sale na Kurfi, wanda aka ɗaure mu da sarƙa ɗaya. In yana ji, don Allah ya neme ni. Akwai maganar da shi kaɗai zai gane.