Ƙullutun da Na Ɓoye wa Kowa Sai Wayata

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu mai ceto. Sunana Lamisi, 'yar Bawku ce ni ta ƙasar Ghana, ina zaune a Yendi wurin gwaggona Talata muna sayar da doya.

Wata Asabar da safe ina wanka za mu tafi Salaga saro doya, sai yatsana ya ci karo da wani abu a nonona na hagu. Ƙullutu ne kamar ƙwayar gyaɗa. Na tsaya da soso a hannu, na kasa motsi.

A layinmu na kasuwa ni ce mai sakandare. Mata kan zo su ce, "Lamisi, tambayar mana wayarki." Maganin tari, farashin taki, sakamakon jarrabawar yara, duk ni ke bincika musu a intanet. Har Dokta suke kirana, ni kuwa kaina ya kumbura. Don haka a cikin lori ban gaya wa Gwaggo ba, ban gaya wa Allah ba. Wayata na tambaya.

Kansa, wato ciwon daji! Shi na fara gani. Hotuna kuwa, kada Allah ya nuna muku. Kafin mu isa Salaga na gama yanke wa kaina hukuncin mutuwa.

Wata biyu ina cikin wannan hali. Duk abin da na rubuta, sai wanda ya fi shi muni ya fito. Na daina cin abinci. Wani shafi ya ce tafarnuwa, na daka na ɗaura har fatar ta ƙone. A ƙarshen kowane shafi ana cewa a ga likita, amma idona ba ya kaiwa can. Ta yaya Dokta za ta ce tana jin tsoro?

Sai na fara raba kayana. Ranar da na miƙa wa wata yarinya zanen ƙungiyar mawaƙanmu na coci, Gwaggo ta kama ni. Ta san ba a ba da zanen nan sai mai shi ta bar ƙungiya ko ta mutu.

"Ke Lamisi, ina za ki?"

Na fashe da kuka, na gaya mata zancen ƙullutun, na nuna mata wayar. Ta juya ta, ta kife a kan buhu.

"Wannan abin yana da hannu ne? Ya taɓa wurin? To durƙusa."

Nan cikin rumfa, tsakanin doya, muka durƙusa. Na kasa haɗa addu'a. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yesu, ina tsoro, kada ka bar ni!" Gwaggo ta ce amin da ƙarfi, ta miƙe ta ɗaura ɗankwali. "Tashi, asibiti."

Aka duba, aka ɗauki hoto, aka tsira allura aka ɗebi kaɗan daga ƙullutun, aka ce mu dawo. Kwanakin jiran nan wayata tana kulle cikin akwatin Gwaggo.

Ranar Laraba, wajen ƙarfe sha ɗaya, likita ta dubi takarda ta dube ni. "Ƙanwata, ba kansa ba ce. Irin wannan ƙullutu yana yawan fito wa 'yan mata. Ƙunar tafarnuwar nan ce ma za mu yi wa magani."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa har nas ta leƙo.

Na gode wa Yesu! 'Yar'uwa, idan akwai abin da kike ɓoyewa yau, kada ki zauna da shi ke da waya kaɗai. Ki gaya wa Ubangiji, ki gaya wa mutum mai hannu, ki je a duba ki. Wanda ya riƙe ni zai riƙe ki. Amin.