Tishun Kama Wuri

A rumfar abinci ta unguwar Bedok, Rosnah ta dawo daga sayen abinci ta tarar wani tsoho ya ture tishun da ta kama wuri da shi, ya ɗora agogonsa kan faifan cajin waya da ke jikin teburin.

"Kawu, ba ka ga tishu ba? Wurina ne!"

"Na gani. Cajin agogona saura kashi biyu cikin ɗari."

"Ina ruwana? Wayata ma ta kusa mutuwa."

"'Yar nan, da agogon nan ɗiyata ke sanin inda nake. In ya sake mutuwa, ta rantse gidan tsofaffi za ta kai ni."

"Ai ba don mugunta ake kai mutum ba! Ni ma babana can na..."

Ta haɗiye sauran maganar, ta cusa tishunta a jaka.

"Bar shi ya cika, Kawu."