Mai Gudu da Ƙyaure

A layin rabon burodi a birnin Pirishtina, shekarar da Sabiyawa suka ci Turkawa da yaƙi suka koro mu Musulmin garin Nish, wata tsohuwa mai mabuɗi rataye a wuya ta zunguri na gabanta.

"Bawan Allah, kowa ya gudo da bargo, kai ka goyo ƙyaure?"

"Ke da kika kulle naki, Iya, sallama Sabiyawan za su tsaya yi?"

"Ai dai sa yi gumi kafin su ɓalle. Kai kuwa har maraba ka yi musu."

"Ba don su na cire ba. Tsohona ne ya rantse ba ya barin gidan. Na ce sanyi zai koro shi."

"To, yana ina?"

"Yau kwana tara ina waiwaye."