An Ci Goron Yaya Rafi'u, Ba a Buɗe Ƙofa Ba

Jawabin da Fa'iza matar Abdulƙudus ta yi a taron cika shekara ɗaya da rasuwar yayan mijinta, Rafi'u Mani, a filin Ƙungiyar Jikokin Fatake, Zangon Wagadugu.

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Assalamu alaikum.

Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Baba Alhaji Zakariya'u, shugaban wannan ƙungiya, da dattawan kwamiti da ke jere a kujerun gaba, ina gaishe ku. Alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwan da suka taso daga unguwannin Kamsaoghin da Waga 2000, maƙwabtanmu Mosawa, sannunku da zuwa. Inna Habi, ke da kika haifa mana shi, Yaya Maimunatu matarsa, ke da kika yi jinyarsa har kika rufe masa ido, Allah ya ƙara muku haƙuri.

Na bi sunayen nan yadda aka jera mini su a takarda. Akwai waɗanda ba a rubuta ba. Ku samari da 'yanmata da ke tsaye a bakin ƙofa cikin rana, wasu zaune kan moto, wato babur, ina gaishe ku. An ce wannan taro dominku aka shirya shi, amma da aka jera kujeru ba a lissafa da ku ba.

Sauran abin da ke cikin takardar ba zan karanta ba. Na san dalilin da ya sa aka zaɓe ni. An ce a ba matar Abdulƙudus, ita kullum kanta na cikin littattafan soyayya, tana iya karatu da murya mai daɗi, kuma ba za ta ƙara komai ba. Gaskiya ne ina son littattafai. Sau da yawa miya ta kama ƙasan tukunya ina jiran in ga ko jarumar za ta amsa wasiƙa. Amma karatun nan ya koya mini abu ɗaya: idan aka cire babin tsakiya, ƙarshen labari ƙarya yake zama. Takardar da aka ba ni ba ta da babin tsakiya.

Yaya Rafi'u ya kasance mutum mai kunne. Tun da aka rushe tsohon Zango aka watsa iyayenmu unguwa unguwa, muka taso jikokin mutum ɗaya ba mu san juna ba. Sai a yi biki ka ga yarinya ta wuce ɗan kawunta ba gaisuwa. Kowa ya ga wannan, kowa ya yi kuka da yaran zamani. Yaya Rafi'u shi ne ya rufe shagon yadinsa a kasuwar Sankaryare da la'asar, ya riƙa zuwa inda samari ke dafa shayi, ya zauna yana saurare. Wata huɗu yana haka. Sun ɗauka ɗan leƙen asirin iyaye ne. Da suka gaji da shi suka tambaye shi me yake nema, sai ya ce yana son ya san abin da zai sa su bar wayoyinsu a aljihu na awa biyu. Daga amsoshinsu aka haifi Dandalin Asabar, a wannan filin da muke zaune.

Ya kasance ba ya tsara wa matasa abin da za su so. Allo ya rataye a bakin ƙofa, da alli. Mai son marakana, ƙwallon ƙafa ta ƙaramin fili, ya rubuta. Mai waƙa ya rubuta. 'Yanmata suka rubuta gasar ɗaurin ɗankwali, samari suka yi dariya, ranar gasar su ne suka fi kowa ihu. Ana farawa bayan la'asar, kiran magariba na tashi amininsa Rasmane, mai garejin gyaran moto, zai kashe kayan sauti, kowa ya yi alwala. Ba kujera ko ɗaya. Tabarmi ne, da randar zomkom, ruwan geron da Inna Habi ke dama mana da kanta. Dokokinsa biyu ne. Ta farko, gaisuwa sallama ɗaya ce, sannan ka shiga maganarka. Ta biyu, ka yi magana da harshen da ya zo bakinka, Hausa ko Mosanci ko Faransanci ko duk ukun a jimla ɗaya, amma kafin ka sauka sai ka bar mana kalma ɗaya ta Hausa da ka ji a bakin kakarka. Haka muka ji yaran da aka ce sun ɓace suna komawa gida suna damun tsofaffi da tambaya.

Ya kasance yana ganin abin da ke hannun mutum tun mutumin bai sani ba. Watana biyu a gidansu ya same ni a bayan ɗaki ina share hawaye, littafi a cinyata. Ya tambayi wanda ya taɓa ni. Na ce ba kowa, jarumin ne ya yi tafiya bai yi sallama ba. Na ɗauka zai yi mini dariya. Ya yi, sosai ma. Sannan ya ce, "Amarya, in takarda za ta sa ki kuka haka, zo ki sa 'yan Zango su yi kukan tare da ke." Tun daga nan nake karanta babi ɗaya kowace Asabar, in tsaya daidai inda rai ya fi so, a bi ni da roƙo. Kafin shekara ta zagayo 'yanmata shida sun fara rubuta nasu.

Yanzu ga babin da aka cire.

Wata Asabar ƙungiya ta yi babban baƙo, wani attajiri ɗan asalin Zango da ke zaune a waje. Kwamiti ya so ya nuna masa cewa yana kula da matasa. Sai ga kujeru an kawo, an ture tabarmi baya. Baba Alhaji, kun karɓi mikro kuka fara gaisuwa daki daki, kowane alhaji da sunan mahaifinsa da na kakansa da hanyar da ayarinsu ya biyo. Gaisuwa ba laifi ba ce, da ita aka rene mu. Amma da kuka gama inuwar mangwaron can ta kai bango, rabin yara sun zame. Sai aka kira Raliya, 'yar shekara goma sha shida, ta karanta labarin farko da ta rubuta a rayuwarta. Ta yi layi huɗu, Faransanci ya shigo mata a tsakiyar jimla yadda yake shigo wa dukanmu da aka haifa a garin nan. Kuka ɗaga hannu kuka tsayar da ita. A gaban baƙo, a gaban ƙawayenta, ta cikin mikro, kuka ce wannan ba Hausa ba ce, ragowar tuwon jiya ne aka haɗa a kwano ɗaya. Kujerun gaba suka yi dariya.

Yaya Rafi'u bai ɗaga murya ba. Ya taka ya zare wayar kayan sauti daga bango, ya durƙusa a gabanku ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Nan wurin ba a gyara wa yaro baki sai ya gama magana."

Abin da ya yi ke nan, gaba ɗayansa. Washegari aka sa sabon kwaɗo a ƙofar filin nan, mabuɗin ya shiga aljihun shugaba. Aka ce ɗan Mani ba shi da kunya, ya kashe wa dattijo magana.

Bayan wata biyu kwamiti ya shirya tasa Ranar Matasa. Rumfa, ƙyalle mai rubutu, jawabi bakwai. Matasa goma sha ɗaya suka zo, tara daga ciki an turo su ne su raba ruwa. Ba wanda ya ce a koma a tambayi Rafi'u yadda yake yi. Cewa aka yi shi ya zuga su.

Ya kasance mai sanin girman manya fiye da yadda manyan suka san girman kansu. Bai fasa kwaɗo ba, ko da yake samari sun zo masa da guduma. Ya kore su. Ya bi hanyar kakanni. Ya je kasuwa ya zaɓi farin goro, manya manya, Inna Habi ta naɗe shi a ganye da hannunta, ya ɗauki Malam Liman ya je zauren shugaba ya durƙusa ya ba da haƙuri. Malam, kuna nan, in na yi ƙarya ku tsayar da ni. Aka karɓi goro, aka fasa, aka raba, aka ci. Aka ce ya je za a neme shi. Ba a neme shi ba. Ya sake kaiwa bayan ƙaramar salla. Aka ci. Ya sake kaiwa na uku, lokacin ciwo ya riga ya fara rage shi, Abdulƙudus ne ya goya shi a moto. Aka ci.

Jama'a, sunan ƙungiyar nan Jikokin Fatake. Kakanninmu goro suka ɗauko a kan jaki daga Gwanja har suka kafa Zango. Ko yaron da bai iya jimla ɗaya ta Hausa ba ya san cewa wanda ya fasa goron ban haƙuri ya ci, ya yafe ke nan, magana ta mutu. In ba ka yafe ba, sai ka mayar da goro a naɗe. Ku da kuka tsayar da yarinya saboda ta ɓata harshen kakanni, sau uku kuka ɓata abin da kakannin suka fi girmamawa. Raliya kalma ta aro. Ku amana kuka ci.

Wata goma yana yawo da Dandali kamar mai talla. Rasmane ya ba shi gaban garejinsa, muna karatu ana gwada inji. Ruwan sama ya kore mu sau uku. Wani maƙwabci ya kira mu 'yan tare hanya. Yara suka ragu daga ɗari biyu zuwa talatin. Bai taɓa bari a zagi dattijo a gabansa ba. Wani saurayi ya fara, ya ce masa in ya ƙarasa jimlar kada ya sake zuwa.

Ban ce ku kuka kashe shi ba. Ciwon hanta ne, kuma kwana na Allah ne. Amma ina cikin ɗakin, ina riƙe da kofin ruwa, lokacin da ya tambayi Yaya Maimunatu ko an aiko daga gidan Alhaji. Ta ce ba a aiko ba tukuna. Ya ce, "To a ajiye allon, kada ruwa ya taɓa shi." Bayan kwana biyu ya rasu. A wurin jana'iza, Baba Alhaji, kuna sahun gaba.

Yau da safe aka buɗe ƙofar nan, karo na farko cikin kusan shekara biyu. Abin da aka hana shi yana da rai an ba sunansa da ya mutu, na yini ɗaya. An rubuta a ƙyalle cewa shi uban matasa ne. Kuma mun ji, don Zango ba ya ɓoye magana, cewa da an tashi za a mayar da kwaɗo, kuma ana shawarar a mai da filin wurin ajiye kaya.

A littattafan da nake karantawa, nan ne mai laifi yake tashi da hawaye ya miƙa mabuɗi. Na daɗe ina mafarkin wannan shafin. Na ma tsara kalmomin da za ku faɗa. Amma na girma kaɗan a shekarar nan, na daina jira.

Baba Alhaji, ku riƙe mabuɗinku. Da aka buɗe ƙofa da safe an bar kwaɗon a rataye. Inna Habi ta zo wucewa ta cire shi. Ga shi can ɗaure a haɓar zanenta. Ni ban sa ta ba, ita ta sa ni in faɗa. Ta ce goronta uku ta naɗe da hannunta, an ci, saboda haka a wurinta an yafe wa ɗanta tuntuni, ƙofa kuwa mantawa aka yi ba a buɗe ba. Ta ce ranar Asabar bayan la'asar za ta kawo randarta ta zauna a gindin mangwaron can. Mun san kwaɗo ba shi da wuyar samu a Sankaryare. Wanda zai sayo sabo, ya zo da rana tsaka, a gaban Malam Liman, ya rufe ƙofa da uwar mamaci a ciki.

Inna, ɗanki bai bar gida mai bene ba, amma dubi bakin ƙofa ki ga abin da ya bari. Yaya Maimunatu, allon da kika ɓoye a ƙarƙashin gado, lokacin fito da shi ya yi. Rasmane, ɗan'uwa, kayan sautinka muke roƙo. Raliya, na hango ki tun ɗazu a bayan motar ruwa. Labarinki ya tsaya a layi na huɗu. Ranar Asabar ke za ki fara, da duk harshen da ya zo bakinki, kuma ba wanda zai ɗaga miki hannu.

Ku da ke waje, ku shigo. Kujeru sun ƙare, amma shi dama bai taɓa son kujera ba. Ku zauna a ƙasa a nan gabana, a yi masa addu'a da ku.

Na gode wa Malam Liman da ya saurare ni bai tsayar da ni ba. Na gode wa mijina da ya san abin da zan faɗa ya ce in je. Na gode wa duk wanda ya bar sana'arsa ya zo. Wanda maganata ta yi wa zafi, in ƙarya na yi ina neman gafara, in gaskiya ce ya nemi ta Rafi'u a wurin Allah.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Rafi'u ɗan Mani. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka yafe masa kurakuransa. Ya ƙwanƙwasa ƙofa sau uku a duniya ba a buɗe masa ba, ya Allah kada ka bar shi tsaye a bakin taka. Ka ba Inna Habi da Yaya Maimunatu haƙuri, ka raya abin da ya bari. Ka tausasa zukatan manyanmu, ka shiryi yaranmu, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.

Malam, a yi mana fatiha.