Rabin Aski

Da hantsi hadari ya rufe rana, ina zaune a shagon aski ina jiran layi. Injin askin, mai aiki da wutar sola, ya mutu a kan wani saurayi, rabin kai tas, rabi gashi. Mai askin ya fita aron wani. Dattijon da ke gefena ya ɗago daga wayarsa, ya dubi saurayin.

"Yi haƙuri, ɗana. Yanzu nake karantawa, masu bin diddigin abin sun ce duniya na ci gaba da wutar rana. Ba a kai ba, amma an yi nisa."

"Baba, ni ma an yi nisa da ni. Dubi kaina."

"Duk shekara suna aunawa, wace ƙasa ta rage hayaƙi, wace ta tsaya."

"To su zo su auna ni. Yau zan fara gaida iyayen yarinyar da nake nema, suna can suna jirana."

"Ba laifin rana ba ne. Sai da na gaya wa mai askin ƙaramin batirin nan ba ya riƙe caji."

"Au, kai ka haɗa masa?"

Dattijon ya gyara zama. "Na dai taimaka."

"Mutum nawa ka taimaka wa haka?"

"Layin nan duka."

"Allah ya sa masu aunawar ba su lissafa da layin nan ba."

Dattijon ya miƙe. Ya cire hularsa ya kifa wa saurayin, ya karkata ta gefen da aka aske. Saurayin ya leƙa madubi, ya ƙara danna ta, ya fita da sauri.